Kiɗan Da Ya Zo Ba Suna: Bin Sawunsa Daga Junju Zuwa Tafkin Chadi

Idan sanyi ya shigo Dallol Mawri, rake ne ke tara jama'a a Junju. Manyan motoci kan kwana a bakin hanya suna jiran lodi, masu sara da masu ɗauri kan dawo daga fadama da magariba, ƙafafu duk laka, kowa ya nufi teburin mai shayi ko rumfar masu cajin salula. A ɗaya daga cikin rumfunan nan, inda wani saurayi ke tura wa mutane waƙoƙi a memori, wani kiɗa ya tashi daga lasifika bayan isha'i, hira ta tsaya cak.

Ba kiɗan rawa ba ne. Tsirkiya ce mai kauri, muryarta can ƙasa, tana zagaya kari ɗaya ba gaggawa, kamar ɗigon indararo cikin randa bayan ruwan sama ya ɗauke. A bayanta akwai ganga da ba ta cika fili ba: ta taɓa, ta yi shiru, ta sake ɓullowa ta inda ba ka zata ba. Sai muryar namiji ta hau bisa, tana ja tana saki, da wani harshe da ba wanda ya gane. Babu 'yan amshi, babu fiyano, babu na'urar nan da ke gyara wa mawaƙan yanzu murya. Mutum biyu ne kawai. Wani cikin masu ɗaurin rake ya ce tsigar jikinsa ta tashi. Wani ya ce a kashe, kiɗan iskoki ne. Ba a kashe ba, da ya ƙare ma sai aka ce a maimaita.

Na ce wa mai rumfar, "Ƙanena, su wa ke wannan kiɗa?"

Ya duba kwamfutarsa, ya girgiza kai. "Wallahi Yaya, ba suna. Lambobi ne kawai."

Daga salular wani direba da ya fito Gaya ya kwafe shi, shi ma direban wani ya tura masa. Haka waƙa ke tafiya a wannan kusurwa tamu. Gaya tana da gada zuwa Malanbil ta Benin, Kamba ta jihar Kebbi ga ta nan kusa, kaya na shiga suna fita dare da rana, waƙoƙi na biye da su, kuma sunan mai waƙa shi ne abin da ke fara faɗuwa a hanya. Na sa aka tura mini, na tafi gida da tambayoyi a raina: wane abin kiɗa ne wannan, wane harshe ne, kuma su wane ne mutum biyun?

Na fara da abin kiɗan, don a zatona shi ne mai sauƙi. Akwai wani dattijo mai goge a wani ƙauye ta wajen Karakara, wanda ya tsufa yana kaɗa wa 'yan bori, yanzu ya ajiye sai dai in an roƙe shi. Na same shi a zaure da hantsi, muka gaisa, na kunna masa. Bai ce uffan ba har ya ƙare. Ya ce in sake. A karo na biyu na ga yana lanƙwasa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Baba, ba gurmi ba ne?"

Ya ce, "A'a ɗana, wanga ba gurmi ba ne. Kuma ba molo ba ne."

Bayaninsa ya fi duk abin da na karanta daga baya amfani. Gurmi da molo da garaya da kuntigi, in ji shi, duk 'yan gida ɗaya ne. Tsirkiya na kwance bisa sanda, makaɗi na danne ta da yatsa ya gajarta ta, murya ta hau, ya saki ta sauka. Shi ya sa Ɗan Maraya Jos ya iya fitar da waƙa cikakkiya daga tsirkiya ɗaya tak, shi ya sa gurmin Haruna Uji ke yin magana. In ka kasa kunne da kyau za ka ji yatsa yana zamewa, ka ji murya ɗaya ta mutu kafin wata ta tashi, don tsirkiyar guda ce ke yin aikin biyu. A wannan kiɗa kuwa ba yatsan da ke danne komai. Kowace murya in ta tashi sai ta ci gaba da amo har wata ta same ta a sama, su yi tafiya tare. Wannan ba ya yiwuwa sai in kowace murya da tsirkiyarta.

"Na ƙirga su," in ji shi, ya ɗaga hannu ya buɗe. "Biyar. Ba ta shida."

Na ambaci kora ta mutanen Mali da Gine. Ya ce ya taɓa jin ta a rediyo, amma waccan tsirkiyoyinta da yawa, muryarta siririya, tana zuba ba tsayawa. Gaskiyarsa, kora tsirkiya 21 gare ta. Wannan kuwa cikinta babba ne, daga amon ake ganewa, kuma itace ne ba ƙwarya ba. Da na tashi tafiya sai ya ƙara wata magana da ban riƙe da muhimmanci ba a lokacin. Ya ce, "Ɗana, mutanen nan sun juya abin. Ka ƙara saurare." Na yi masa godiya na tafi.

Gangar ba ta ba ni wahala ba. Wani tsohon runji a kasuwar Junju, tun kafin in gama kunnawa ya yi murmushi. Kalangu ne, kiɗan gidansu, wanda ake matsewa a hammata murya ta hau, a sassauta ta sauka. Ya ce akwai kuma wata ganga mai nauyi a ƙasa, wadda yake jin duma ce. Abin da ya nanata shi ne hannun: "Wanga hannu na Bahaushe ne, kuma ɗan gado. Wanda ya koya da girma ba ya bugu haka."

To, ga kalangun Bahaushe, ga abin kiɗa mai tsirkiya biyar da ba na Hausa ba. Saura harshe.

Junju gari ne da kunne ya saba da harsuna. Da Hausar Arawa aka tashi, ga Zabarmanci, ga Dandanci ta wajen Gaya, ga Fulatanci a rugage, ga Faransancin 'yan lakwal. Duk wanda na kunna wa sai ya ce ba nasu ba ne. Wani Buzu mai gadi ya ce ba nasu ba ne. Wani ɗan kasuwa da ya yi zama a Damagaram ya ce ya ji ƙamshin Barbarci amma bai kama kalma ko ɗaya ba. Wannan magana tasa ce ta juya fuskata gabas, kuma ita ta sa da na je Gaya na gangara bakin kogi wurin Sarkawa, don na san da yawansu sun yi su a tafkin Chadi.

Wanda aka nuna mini yana zaune ƙarƙashin rumfa yana ɗinkin koma. Na yi sallama, na faɗi abin da ya kawo ni, na kunna. Allurar ta tsaya a hannunsa. Ya daɗe bai ɗago kai ba.

Ya ce, "Malam, ina ka samo wanga? Yaren Buduma ne."

Buduma su ne mutanen tsibiran tafkin Chadi, su kuwa Yedina suke kiran kansu. Masunta ne kuma makiyaya, su ke da shanun kuri masu kumburarrun ƙahoni da ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman ciyawa. Da ciyawar ruwa suke ɗaure jiragensu, kuma gwanintarsu a wannan sana'a ta kai har a 1969, da Bature ɗan Norwe Thor Heyerdahl ya so ya ƙetare tekun Atlantika da jirgin ciyawa mai suna Ra, daga tafkin Chadi ya ɗauko waɗanda suka ɗaure masa shi. Masana harshe suna lissafa yarensu cikin babban dangin da Hausa take ciki, sai dai zumuncin ya yi nisa ƙwarai, Bahaushe ba ya tsintar komai a ciki.

Basarken ya zauna cikinsu shekaru, yana kamun kifi yana banda, ana kai ta Baga da Maiduguri. Ya ba ni labarin tafkin yadda ya gan shi da yadda tsofaffi suka faɗa masa. Alƙaluman masana sun yi daidai da labarinsa: a 1963 faɗin ruwan ya kai murabba'in kilomita 25,000, bayan farin 1973 da na 1984 ya koma ƙasa da 2,000, har ɓangaren Nijar ya bushe aka yi noma a inda jirage ke wucewa. Ruwa ya riƙa dawowa yana komawa, mutane na bin sa. Abin da ya kore shi gida ba fari ba ne. A watan Afrilun 2015 'yan Boko Haram suka afka wa tsibirin Karamga, bayan haka hukumomi suka umarci mutanen tsibirai su fice, dubban mutane suka taka a ƙasa cikin zafin bazara zuwa Ngigmi da Boso. Yana cikinsu. Jirginsa da komarsa can ya baro su.

Na tambaye shi abin kiɗan. Ya ajiye koma ya zana mini a ƙasa da yatsa: dogon itace da aka fafe, siffar kwalekwale, an rufe bakinsa da fata, daga goshinsa wata sanda ta tashi ta lanƙwasa sama, tsirkiyoyi sun sauko daga sandar zuwa fatar. Ya ce bai taɓa ganin ana kaɗa shi ba, labarinsa ya ji a bakin abokan sunsa, suna cewa na kakanni ne, kuma ba kowa ke taɓa shi ba. Sunansa biram. Na ƙirga layukan da ya ja, biyar ne, yadda mai goge ya faɗa.

Sai ya sake ɗaure mini kai. Ya ce in mayar da waƙar baya kaɗan. Ya saurara, ya ce, "Yaren nasu ne, amma bakin ba nasu ba ne. Wanga mutum koyo ya yi. Ya iya, amma ba a tsibiri aka haife shi ba."

Yanzu abin ya zama uku, kowanne daga nasa gida: abin kiɗan Buduma da harshensu, makaɗin kalangu Bahaushe, mawaƙi kuma baƙo ga Buduma. Tsakanin Junju da tafkin tafiyar ta haura kilomita 1,000, sai ka bi Dogonduci da Ƙwanni da Maraɗi da Damagaram da Gure da Difa kafin ka ga ruwa. Wane ne zai bar nasa kiɗan ya je ya koyi na masuntan tsibiri, da yarensu?

Amsar tana cikin gidanmu ashe. Kawuna tsohon malamin makaranta ne, ya yi aiki a garuruwa da yawa kafin ya yi ritaya ya dawo Junju, kuma rediyo ba ya rabuwa da kunnensa. Ina ba shi labarin yawon da nake yi, na kunna masa don ya ji abin da ya hana ni zama. Muryar na fitowa ya gyara zama.

"Kai ɗan nan, wannan ai Malam Maman Barka ne."

Na ce, "Kawu, Maman Barka mai gurmi?"

"Shi fa. Ko cikin barci na ji wannan murya na san ta."

Duk wanda ya yi wayo a Nijar a ƙarshen shekarun 1980 da cikin 1990 ya san Maman Barka. An haife shi a Tasker, arewacin jihar Damagaram, cikin Tubawa makiyaya. Ya yi boko ya zama malamin makaranta, inda Malam ɗin ya bi shi ke nan, sannan ya ɗauki gurmi ya yi suna da shi. Muryar Sahel ta yaɗa waƙoƙinsa, kasetsa ya ƙetare iyaka har Kano da Sakkwato, yana waƙa da Hausa da wasu harsunan ƙasa a kan zaman duniya da halin da talaka ke ciki. Batube ne, don haka maganar Basarke ta fito: baki ne da ya saba da harsuna da yawa, amma ba na tsibiri ba.

Sai dai Kawu ya dage cewa in Barka ne to gurmi ne, mai goge kuwa ya rantse ba gurmi ba ne. Dukansu biyu ba su yi kuskure ba, lokaci ne ya raba su. Kawu ya san Barka na farko. Akwai na biyu, wanda mutanen waje suka fi mu sani, kuma da sunan ya shigo hannu, sauran labarin bai yi wuyar samu ba.

Barka ya yi aiki a cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Alhaji Taya da ke Yamai, inda ake tattara kayan kiɗan gargajiyar ƙasar ana nazarinsu. A nan hankalinsa ya kai ga biram, ya kuma gane cewa abin na gab da ɓacewa. A 2002 hukumar UNESCO ta ba shi tallafi, ya tafi gabar tafkin Chadi ya nemi wani dattijo mai suna Bukar Tar, wanda ake ɗauka shi kaɗai ya rage cikin gwanayen biram. A al'adar Buduma ba a ɗaukar biram haka kawai. Suna cewa Kargila, aljanin tafki, da ruhin kakanni ke tsaronsa, kuma sai wanda gwani ya shigar da shi ke da izinin kaɗawa. Ko mutum ya yarda da wannan ko bai yarda ba, ma'anarsa a aikace ita ce ba a koyonsa daga kaset. Dole ka zauna gaban mai shi. Barka, mutumin da ƙasa duka ta san sunansa, ya durƙusa ya zama almajiri, ya koyi kiɗan da waƙoƙin da yaren da ake rera su. Bukar Tar ya ba shi biram ɗinsa, ya bar masa amanar ya kai shi duniya ta ji. 'Yan shekaru bayan haka dattijon ya rasu.

Wannan durƙusawa ita ce abin da ya fi taɓa ni a duk labarin. Mun saba ganin mawaƙi in ya yi suna ya tara yara, ya sayi mota, ya ƙara kayan lantarki. Wanda ya juya baya ya tafi wurin tsoho a bakin ruwa don ya fara daga farko, ba kullum ake samun sa ba.

Mutum na biyu a kiɗan kuwa, mai hannun da runji ya yaba, shi ne Umaru Adamu, Bahaushe ɗan gidan kiɗa, abokin tafiyar Barka na shekaru, gwanin duma da kalangu da ƙwarya. Su biyun suka fita da biram waje. A 2008 suka hau dandalin WOMAD a Ingila, bikin kiɗan duniya da Peter Gabriel da abokansa suka fara a 1982. A 2009 kamfanin World Music Network ya fitar da faifansu mai suna Introducing Mamane Barka. Wannan ya warware mini wani ɗan abu da ya daɗe yana yi mini kaikayi: me ya sa a cikin kiɗan ba kukan akuya, ba iska, ba tarin ɗan kallo, irin abin da ba a rasawa a ɗaukar ƙauye? A ɗakin ɗaukar sauti na Ingila aka yi shi. Daga can ya hau intanet, wani ya sauke, wani ya tura wa wani, sunan ya goge, ya biyo motar kaya ya dawo ƙasar da aka haife shi a matsayin baƙo.

Masu sharhin kiɗa a Ingila da Turai sun yaba wa faifan. Abubuwan da suka fi kamawa su ne ƙarancin kayan da aka yi shi da su, da yadda maimaicin ke ɗauke mai saurare har ya manta inda yake, da kuma labarin abin kiɗan da ya kusa mutuwa. Ya kuma zo a kan gaɓa. Kunnuwansu a waɗancan shekarun a buɗe suke ga kiɗan mutum biyu mai natsuwa daga yankinmu: faifan Ali Farka Ture da Tumani Jabate, In the Heart of the Moon, ya fito a 2005 ya ci kyautar Grammy, kuma a 2009 ɗin dai Balake Sisoko mai kora da Bafaranshe Vincent Segal suka fitar da Chamber Music, wanda suka ɗauka a Bamako.

Yabon ya cancanta, ban rage masa komai ba. Amma ina ganin bai kai ga gindin abin ba. Cewa kiɗa yana tayar da tsigar jiki bayanin abin da ya same ka ne, ba bayanin yadda aka yi ba. Tambayar da ta rage mini ke nan bayan na san sunaye: me ke cikin kiɗan nan da ya sa masu ɗaurin rake, waɗanda ba su ji kalma ɗaya ba, ba su san labarin Bukar Tar ba, suka yi shiru?

A nan maganar mai goge ta dawo mini. Sun juya abin.

A kiɗanmu da muka saba, tsirkiya ce ke yawo, ganga ke riƙe ƙasa. A wasan bori goge ne ke kuka yana hawa yana sauka, masu ƙwarya suna tsare da taki ba su kauce ba. Haka kukuma, haka garaya. Biram ba zai iya wannan yawo ba. Muryoyinsa biyar ne, kowace a ɗaure inda take, ba a lanƙwasa ta, ba a jan ta. Don haka Barka ya mayar da shi mai riƙon ƙasa: yana zagaya kari ɗaya, yana sauya shi kaɗan-kaɗan yadda sai mai kunne zai lura. Kalangu kuwa ganga ce da ke da abin da biram ya rasa, wato tana lanƙwasa murya, tana iya bin hawa da saukar magana. Sai Umaru ya ɗauki aikin da tsirkiya ta saba yi. Shi ke tambaya, shi ke amsawa, shi ke tsokana, ya bar gurbi, ya shigo a makare da gangan. Kunnen Bahaushe yana jiran ganga ta tsaya tsirkiya ta tafi, sai ya ji akasin haka da kayan da ya sani. Kalangun gidanmu ne, amma ba a wurin zamansa yake ba. Wannan ne ke sa ka ji kiɗan kusa da kai kuma nesa da kai a lokaci guda, kuma ina jin shi ne abin da mutumin nan ya kira iskoki.

Wanda ya saba da jaz zai gane wannan tsari nan take. Ban ce biram jaz ba ne. Jaz kiɗa ne da jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka suka ƙago a Amurka, a birnin New Orleans, farkon ƙarni na 20, yana da tarihinsa da ƙa'idojinsa. Amma ginshiƙinsa shi ne a ɗauki ɗan gajeren kari, makaɗa su riƙa barinsa suna dawowa, kowa yana sauraren ɗan'uwansa, ba a san abin da zai biyo ba sai an kai wurin. Max Roach ya shafe rayuwarsa yana nuna cewa mai ganga ba mai ƙirga taki ba ne kawai, har ya yi faifai na mutum biyu da Abdullah Ibrahim mai fiyano na Afirka ta Kudu a 1977. Su kansu manyan jaz sun san inda ake samun wannan ilimi. Yusef Lateef, gwanin busa kuma Musulmi, ya bar Amurka ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, yana nazarin sarewar Fulani. Abin da ya zo nema yana nan a hammatar Umaru.

Shi ya sa nake da ƙorafi ɗaya a kan yadda aka yi yabon. Sunan Barka ne a bangon faifan, labarinsa ne a bakin masu sharhi, Umaru kuwa sau da yawa sai a ambace shi a matsayin mai rakiya. Mu ba mu da uzurin yin wannan kuskure. Wanda ya ji Mamman Shata ya san cewa da kalangai suka yi sanyi da waƙar ta zauna. In ka cire Umaru daga wannan faifai, abin da zai saura shi ne muryoyi biyar masu daraja, waɗanda za a saurara da ladabi sau ɗaya a ajiye. Shi ya sa musu numfashi. Haka kuma in ka cire Barka, kalangun ba shi da ƙasar da zai taka. Aikin mutum biyu ne, rabi da rabi, kuma a ganina yana cikin mafi kyawun abin da aka ɗauka daga Nijar a wannan ƙarni.

Akwai kuma haɗari a cikin labarin "gwani na ƙarshe" da Turawa suke so. Labari ne mai daɗin bugawa a jarida, yana sayar da tikiti, amma yana sa a riƙa kallon abin kamar an riga an yi masa sallar gawa. Barka da Umaru ba haka suka ɗauke shi ba. Sun haɗu da wasu makaɗa biyu na ƙungiyar Etran Finatawa, Alhuseini Muhammad Anibolla Buzu da Bammo Agonla Bororo, suka bi makarantun Nijar gari-gari suna kaɗa wa yara, suna nuna musu kayan kiɗan kakanninsu, don su san cewa abin nasu ne kuma ana iya koyonsa. Batube da Bahaushe da Buzu da Bafillace a mota ɗaya, malamin makaranta ya koma aji ta wata ƙofa.

Malam Maman Barka ya rasu a Yamai ranar 21 ga Nuwamba, 2018. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Bukar Tar. Mutanen da biram ya fito daga cikinsu kuwa, da yawansu tun 2015 suna zaune a matsugunan gudun hijira a jihar Difa, nesa da tsibiransu, yaransu suna tashi ba su san ruwan da aka yi waƙoƙin dominsa ba.

Abin da ya tsamo biram a 2002 ba wani babban shiri ba ne: tallafi ɗaya ne, da mutum ɗaya da ya yarda ya zauna ya koya. Kirana ga ma'aikatar al'adu, da cibiyar Alhaji Taya, da Jami'ar Difa, shi ne su nemo duk wanda ya taɓa zama gaban Barka ya ɗauki wani abu, su haɗa shi da samarin Buduma da ke Ngigmi da Boso da Difa, su ɗauki nauyin koyonsu, a kuma sa masassaƙa su sassaƙa sababbin biram tun da sauran masu tuna yadda ake ɗaure shi. Gidajen rediyonmu na Doso da Gaya su ma su ware wa wannan faifai lokaci a shirye-shiryensu na gargajiya, don yaran Dandi da Arewa su san cewa a can gabashin ƙasarsu akwai jama'a da ake kira Buduma, kuma suna da kiɗan da duniya ta tsaya ta saurara.